Kakana Mai Ƙararrawar Coci

A Kalaba na fara ganin teku, kuma ba ta burge ni ba ko kaɗan. Ni Habu magini, mutumin Kanya Babba ta ƙasar Ɓaɓura, babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Kazaure, shi ma daga nesa muke gaisawa. Sai ga ni a bakin ruwan da ba a hango ƙarshensa, da jaka ɗaya mai cokalin gini da igiyar awo, ina jiran jirgin da zai kai ni tsibirin da tsofaffinmu ke kira Fanya, 'yan yanzu kuma suke ce masa Biyoko.

Abin da na faɗa wa mutane shi ne aikin gini zan je nema, don an ce a Malabo, babban birninsu, benaye ake ta ɗorawa. Ban yi ƙarya ba, amma ba duka na faɗa ba. Sauran maganar ta Inna ce. Mahaifinta, Malam Ɗanjuma, ya tafi Fanya aikin gonar koko tana 'yar shekara huɗu, bai sake dawowa ba. Wanda ya dawo wani Tanko ne, da rediyo a rataye da labari a baki. Ya ce da idonsa ya ga Ɗanjuma a cikin wani coci na katako a kan tudu, yana jan igiyar ƙararrawa yana kiran Kiristoci. Shi ke nan, aka ce ya bar salla. Limamin lokacin ya ce ba a yi wa irinsa addu'a, ba a yi masa sadaka. Tanko ya mutu, limamin ya mutu, maganar tana nan. Inna ta girma, ta haife mu, ta yi furfura, ban taɓa jin ta ce "Allah ya jiƙan Baba" ba. In ana sadakar mamata a unguwa ita ake kira ta soya waina, tana zuba wa iyayen wasu, bakinta a rufe. Ba ta aike ni ba. Ni ne na gaji da kallo. Na ce in ƙarya ce zan kawo mata, in gaskiya ce ma zan kawo mata, amma ba za ta shiga kabari da maganar Tanko ba.

Kwana shida na yi a Kalaba. A rana ta biyu wani mai farar riga da tabarau ya dafa kafaɗata ya kira ni aboki, ya ce shi ne ke yi wa Hausawa takardar shiga Fanya. Har gaisuwar Hausa ya iya. Ya kawo min takarda mai tambari uku, ɗaya ja, biyu shuɗi, na naɗe ta cikin leda na sa a aljihun ciki ina jin kaina. Ni da nake yi wa mutanen ƙauye dariya in an damfare su a kasuwar Ɓaɓura.

Tafiyar ruwan ba na son tuna ta. Tun kafin ƙasa ta ɓace cikina ya fara juyawa, na yi amai har na rasa abin amayarwa. Wata mata Inyamura mai buhunan busasshen kifi ta dube ni ta girgiza kai, ta yanka lemon tsami ta ba ni in tsotsa, ta tura buhu ɗaya ta ce in jingina. Ban san sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba. Da lokacin salla ya yi na rasa gabas, jirgi na juyawa, rana ta shige gajimare. Na yi a zaune, ina fuskantar buhun kifi.

Da muka sauka, wani mai kaki ya karɓi takardata, ya ɗaga ta sama, ya kira ɗan uwansa ya nuna masa, suka yi dariya ta ishe su. Ya yaga ta biyu ya miƙo min rabi. Aka kulle mu mu tara a wani ɗaki mai warin gishiri, kwana biyu. A nan na ci karo da wautata ta biyu. Kafin in taho na canza sefa a wajen 'yan Nijar a kasuwarmu, ina ganin sefa ai sefa ce. Na miƙa wa mai sayar da burodi ta taga, ya juya takardar gaba da baya, ya cillo min ita. Ashe tasu daban ce. Ina zaune da kuɗi a aljihu ina jin yunwa.

Alhaji Sabo ne ya fitar da ni. Mutumin Roni ne, ya fi shekara talatin a tsibirin, yana da shagon yadi da tukubar tsire, kuma duk Bahaushen da ruwa ya jefo a gidansa yake sauka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan wane gari?"

"Kanya Babba, ranka ya daɗe."

"To ai ɗan gida ne. Taso mu tafi, ka yi wanka, kana wari."

Ba zan ci amanarsa a bayan ido ba: mutumin ya yi min alheri. Ya ba ni tabarma a ɗakin samari, ya haɗa ni da wani mai kwangila, ya fara nema min takardar zama. Amma Alhaji irin mutanen nan ne da in sun ba ka tuwo sai sun nuna maka ta inda za ka fara yanka.

Wata huɗu ina ɗora bulo. Ruwan sama a ƙasar nan ba ya sallama, ba ya ban kwana. Ka shanya riga Litinin, Alhamis ka ɗauke ta da danshi da wari. Dutsen da ke bayan gari kullum kansa cikin gajimare, sau uku kacal na ga ƙololuwarsa. Abinci rogo ne da ayaba da kifi, gobe kuma kifi da ayaba da rogo. Akwai ranar da na zauna a kan bulo ina tunanin tuwon dawa da miyar kuka da man shanu har hawaye ya zubo min, na ce wa abokan aiki siminti ne ya shiga idona. Na yi kewar gida ƙwarai, na yi kewar busasshiyar ƙasa da mutum zai taka ya ji ta a tafin ƙafarsa.

Wanda yake kwaɓa min siminti wani ɗan ƙasa ne, Mateo, magidanci mai 'ya'ya biyar da dariya kamar injin niƙa. Da turancin buroka muke magana, don can ma suna da irin nasu, kuma bai yi nisa da na bariki ba. Wata rana muna cin abinci na tambaye shi ko ya san coci na katako a kan tudu.

"Katako zalla? Daga ƙasa har sama?"

Na ce haka aka ce min.

"Ɗaya ne. Bayan garin Luba yake, a kan hanyar garin uwata. Tsohon mishan ne, tun zamanin Turawa. Me Musulmi zai yi a can?"

Na ba shi labari. Bai yi dariya ba. Ya ce ranar Lahadi zai je ganin gyatumarsa, in ina so in bi shi.

Kuskurena shi ne na yi abin da aka koya mana a gida, na je na sanar da mai masauki. Alhaji Sabo yana zaune a ƙofar shago yana jan carbi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Au, kai jikan Ɗanjuma ne? Na ji labarinsa tun ina yaro, har Roni maganar ta kai. Yaro, ka bar wa Allah. Abin da ya wuce ya wuce."

"Alhaji, a wajen Inna bai wuce ba."

"To in ka je ka tarar gaskiya ce fa? Ka ƙara mata ciwo kenan."

"Gara ta san ciwon da take jinya."

Ya ajiye carbin. "Saurara. Shekara talatin ina riƙe da mutuncin Hausawa a garin nan. Ba a taɓa cewa ɗan gidana ya taka coci ba. Ga shi takardarka ba ta fito ba, hanya duk shingaye. In ka tafi, kada ka dawo min gida. Ba na maimaita magana."

Na durƙusa na ce, "Allah ya huci zuciyar Alhaji." Ya ɗauka na haƙura. Ni kuwa a raina na ce, wallahi ko a bakin teku zan riƙa kwana sai na je. Mutum sittin sun ci tuwo a gidan nan suna jin labarin kakana, ba wanda ya taɓa hawa motar awa biyu ya duba. Kowa ya iya faɗa, dubawa ce ta gagara.

Lahadi da sassafe muka hau wata tsohuwar bas. Hanyar tana bin bakin teku, daji ta hagu ya rufe sama, tsofaffin gonakin koko sun koma kurmi. Ina kallon bishiyoyin ina cewa wataƙila wannan ya sare, wataƙila a ƙarƙashin waccan ya huta. A shinge na biyu aka ce kowa ya fito da takarda. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Mateo ya zaro cokalin ginina daga jaka ya ɗaga, ya ce wa mai kakin magini ne Fada, limamin coci, ya aiko a kawo, matakalar coci ta tsage. Mutumin ya dubi hulata, ya dubi cokalin, ya yi alamar gicciye ya ce mu wuce. Na ce wa Mateo ba na son ƙarya. Ya ce to in na isa in duba matakalar, sai ta zama gaskiya.

Daga Luba muka hau tudu a bayan akori-kura, sanyi na ƙaruwa, hazo na sauka. Sai ga shi. Ni magini ne, ba na yabon gini don kunya. Wanda ya yi cocin nan ya san aikinsa. Dogo ne, hasumiyarsa ta tsaya cak, katako a kan katako, an ɗora shi a kan tushen baƙin dutse don kada danshi ya ci shi. Kwanon rufin ya yi tsatsa, gara ta taɓa kusurwar yamma, fenti ya kwaye, amma bai karkace ko da faɗin yatsa ba. Na zagaya shi sau biyu ina ƙwanƙwasa katakon. Matakalar kuwa da gaske ta tsage.

An tashi daga ibadarsu, mutane sun watse, saura 'yan tsofaffi a inuwa. Mateo ya tafi gaida uwarsa. Na tsaya a bakin ƙofa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shiga coci ba. Na yi bisimilla, na tuɓe takalmana na jera su a gefe, na shiga da ƙafar dama.

Ciki duhu-duhu, ƙamshin kyandir da tsohon katako. Tagogin gilashi masu launi, benci a jere, can gaba mutum-mutumi da furanni. Ban kalle su sosai ba. Idona yana kan wata igiya mai kauri da ta sauko daga hasumiya a bayan ƙofa, ƙarshenta ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu.

Wani saurayi cikin doguwar farar riga ya taho, shi ne Fada, wato limaminsu. Ya gaishe ni da fara'a, sannan ya nuna kaina. Ya ce a nan maza suna cire hula. Ya dubi ƙafata ya ce takalmi kuwa ba sai na cire ba, ƙasan da sanyi.

Na ce, "Fada, a wajenmu ɗakin ibada takalmi ake cire masa. Na ba ɗakinku girman da nake ba namu. Hula kuwa ba zan cire ba."

"Haka ƙa'idarmu take."

"To ni ma haka tawa take. In ba a yarda ba sai in fita in yi tambayata daga waje."

Muna cikin haka sai muka ji salati irin nasu daga ƙofa. Wata tsohuwa ce gajera, da sanda da ɗankwali shuɗi, ta tsaya a kan takalmana tana kallon su. Ta ɗago ta ce, "Na wane ne?" Na ce nawa ne, Mama. Ta shigo tana dogara sanda har gabana, ta kalli ƙafata, ta kalli hulata, ta ce wa Fada cikin yarensu abin da ya sa ya ja da baya. Sannan ta juyo da buroka.

"Tun da na zo duniya mutum ɗaya na sani da ke barin takalmi a ƙofar nan ya shigo da hula. Juma."

Na zauna a bencinsu. Na ce, "Ɗanjuma?"

"Mu Juma muke ce masa. Bahaushe, dogo, da tsage a nan." Ta ja yatsa a kumatunta.

Sunanta Mama Rosa. Ubanta shi ne mai koyar da addini a mishan ɗin a wancan zamani, a gidan da ke bayan coci ta girma. Ta zauna kusa da ni ta ba ni labari, Fada na tsaye yana saurare, don shi ma bai taɓa ji ba. Ta ce adda ce ta sare wa Juma ƙafa a gonar koko, masu gonar suka watsar da shi, aka kawo shi asibitin mishan. Ya warke da ɗingishi, ba zai iya aikin gona ba, tsohon Fada Bature ya ba shi gadi.

Na ce, "Ƙararrawar fa, Mama? Ita ce ta kashe mu a gida."

Ta yi dariya har da tari. "Ƙararrawa? Ai mai buga ta a da mashayi ne, wata rana ya buga ta asuba da hantsi. Juma kuwa kullum kafin zakara ya yi cara ya tashi yana wanke hannu da ƙafa. Ba shi da agogo, inuwa yake dubawa, bai taɓa kuskure ba. Shi ya sa Fada ya ba shi igiya. Ya buga mana, mu shiga, shi kuma ya fita ta ƙaramar ƙofar can, ya shimfiɗa fatar akuyarsa a bayan coci ya yi ta sa goshi a ƙasa. Muna waƙa a ciki, yana nasa a waje. Shekara da shekaru."

"Bai taɓa zama a ciki ba?"

"Fada ya yi, ya yi. Juma ya ce shi igiya aka ba shi, ba benci ba. Ko namanmu ba ya ci sai in shi ya yanka, har garin nan kowa ya koma kawo masa akuya. Ni kuma bai taɓa kira na Rosa ba. Duk yarinyar da ya gani sai ya ce Kulu."

Kulu sunan Inna ne. Na sunkuyar da kai na yi kuka a cikin coci, da hulata a kaina, ban ji kunyar kowa ba.

Da na natsu fushi ya taso min, har da shi kansa marigayin. Na ce to me ya hana shi komawa? Me ya hana shi ko wasiƙa? Ta ce sau biyu ya ɗaura ƙunshinsa don ya tafi. Na farko aka ce masu gona sun riƙe takardunsa. Na biyu lokacin da aka zo kwashe 'yan Najeriya ne, zamanin tsoro, shi kansa Fada an kore shi, Juma kuma yana kwance ƙirjinsa na ciwo, ya kasa kaiwa jirgi. Wasiƙa kuwa ba ta sani ba. Ni ma har yau ban sani ba, kuma ban gama yafe masa wannan ba.

Ta ce, "Taso ka ga inda yake."

Maƙabartar tana bayan coci, a gangare. Kaburbura a jere reras, kowanne da gicciye, duk sun miƙe layi ɗaya kamar kunyoyin gona. A can ƙarshe, kusa da wata bishiyar ayaba, akwai ɗaya da ya karkace ya ɓata layin. Ba gicciye, ba suna, baƙaƙen duwatsu ne kawai aka kewaye shi da su.

Mama Rosa ta ce da ya ga ba zai tashi ba, kuma ba sauran Musulmi ko ɗaya a yankin, sai ya sa ubanta ya riƙo shi suka zo nan. Da sandarsa ya ja layi a ƙasa. Ya ce a haƙa haka, a kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa ta dubi can, ba akwati, farin yadi kawai. Ubanta ya yi yadda aka ce. Daga baya mutane suka so a gyara kabarin ya bi sahu, a kafa masa gicciye don kada ya zama bare. Tsohon ya ce duk wanda ya taɓa shi sai dai ya fara da nasa. Da ya mutu ita ta ci gaba da cire ciyawa.

Na fito da wayata na buɗe abin nuna alƙibla, na ɗora a kan dutsen gefe. Kibiyar ta yi lilo ta tsaya. Na zaro igiyar awo na ja daga kai zuwa ƙafa, na duba kusurwa kamar zan kafa harsashi. Mutumin da ba shi da agogo, ba shi da waya, yana ciwon ajali a ƙasar da rana ba ta cika fitowa ba, bai kauce ba.

Na ce, "Mama, an yi masa salla?"

"Mun yi masa irin tamu daga nesa. Taku ba mu iya ba."

Na nemi ruwa, Fada da kansa ya kawo min a bokiti. Na yi alwala a bakin maƙabartar Kiristoci, na tsaya a gaban kabarin kakana na yi kabbara huɗu ni kaɗai. Ni ba malami ba ne. In na yi kuskure malamai su gyara min, su da aka yi shekara arba'in ba wanda ya zo. Da na sallame na waiga, sai na ga Mama Rosa da Fada da Mateo da wasu tsofaffi uku tsaye can baya, mazan sun cire huluna. Kafin mu tafi na kwaɓa ɗan simintin da ke ajiye a mishan na toshe musu tsagar matakala.

Babu sabis a kan tudun, sai da muka dawo Malabo bayan la'asar. Tun daga bakin layi na hango jakar kayana a ƙofar gidan Alhaji, tabarmata a naɗe a kanta. Samarin ɗakinmu suna zaune a benci, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ɗaya ya ce a hankali, yadda zan ji, "Jika ya bi sawun kaka."

Alhaji ya fito. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Alhaji, na gan shi. Kabarinsa na kallon alƙibla. Ga hoto."

Bai karɓi wayar ba. "Ka shiga ko ba ka shiga ba?"

"Na shiga."

"To ka ji abin da na ce."

"Na ji, ranka ya daɗe. Na gode da tuwon da na ci. Amma gobe ma in ta kama zan sake shiga. Shekara arba'in mutanen cocin nan suna cire wa Musulmi ciyawa a kabari, mu kuma muna cin namansa."

Ya juya ya shige. Mateo ya riga ya ce akwai wuri a barandarsa, don haka ban damu ba. Na ja jakar zuwa bakin titi na zauna a kanta, na kira wayar matata Sa'a na ce ta kai wa Inna.

"Habu? Lafiya? Muryarka wani iri."

"Lafiya lau, Inna. Ki zauna. Na je inda Baba Ɗanjuma yake."

Ina jin kukan awaki da dakan maƙwabta ta cikin wayar. Na faɗa mata duka, ƙafar da adda ta sare, igiyar, fatar akuya, layin da ya ja da sanda. Na ce duk yarinyar da ya gani Kulu yake kiranta. Da na gama na duba ko wayar ta katse.

Can ta ce, "Kai ka gani da idonka, ko faɗa maka aka yi?"

"Da idona, Inna. Da igiyata na auna."

"Fuskarsa gabas?"

"Gabas, Inna."

Na ji ta ja numfashi. A hankali, kamar mai gwada ƙafa bayan doguwar jinya, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba." Ta sake faɗa da ƙarfi. Ta uku kuwa ba da ni take ba, don na ji ta miƙe, na ji muryarta ta yi nisa da wayar, tana ɗaga ta yadda za ta tsallake katanga.

"Sa'a! Jiƙa min shinkafa, kwano huɗu, gobe waina zan soya. Sadakar ubana ce, Malam Ɗanjuma. A faɗa wa kowa sunan. Kwanon farko gidan Liman za a kai, na biyu gidan su Tanko. Ni da kaina zan kai."